Amshi Babu Baiti

Ƙanena sha'iri ne, irin masu bege da mandiri a wajen maulidi. Ni kuwa in na ɗaga murya da waƙa, kajin gidanmu ma watsewa suke yi. Da mahaifinmu ya rasu, ƙanen nawa ya ce zai yi masa marsiyya ta zamani, har da fiyano, a wani ɗan sutudiyo da ke kusa da rijiyar Kusugu.

Su a aikinsu amshi ake fara ɗauka. A saka kiɗa, a rera amshin, a jera shi duk inda zai riƙa faɗowa, a bar gurbi a tsakani don baitoci su shiga daga baya. Ya yi amshin da muryarsa. Baitocin kuwa suna cikin kansa, don shi ba ya rubutawa. Ya ce zai zuba su in ya dawo daga kasuwar Mai'adua. Ya hau babur ya tafi, gawarsa aka kawo mana.

Bayan sadakar bakwai mai sutudiyon ya zo gaisuwa, ya tura mini abin a waya. Muryar ƙanena ta ce, "Ya Allah sanyaya makwanci, Ka yi rahama." A ƙarshe kana jin ya ja numfashi kamar zai shiga baiti, sai kiɗa ya yi ta tafiya shi kaɗai. Wannan numfashin ya hana ni sakat. Tsoronsa nake ji.

Inna ba ta ji tsoro ba. Kullum da hantsi tana tsinkar zogale sai ta ce, "Kunna mini yaron nan." Ya yi amshi, ita kuma ta cike gurbin. Ta ambaci mahaifinmu, ta ambaci iyayenta. Wani lokaci labarin gida take ba shi, akuya ta haihu, rufin ɗaki yana yoyo. Shi kuma ya dawo mata da addu'arsa.

Abin ya ishe ni. Na samo wani abokinsa sha'iri da ya yarda zai ƙarasa waƙar. Na ce, "Inna, a gama ta kawai kowa ya huta."

Ta ajiye faifan zogalen ta dube ni. "Kai ɗan nan, in an cike wurin, ni a ina zan yi magana?"

Ban sake tayar da zancen ba.

Bara Inna ta rasu. Abokin nan ya zo ya ce yanzu ai sai a ƙarasa, a saka har da ita. Na ce ya ba ni lokaci. Washegari da hantsi na zauna inda take zama, na kunna. Ƙanena ya yi amshi, ya ja numfashi. Kiɗa yana ta tafiya, tsakar gida ba kowa. Sai na ji bakina, da muryar nan mai korar kaji, yana cewa, "Inna ma ta taho wajenku. Ɗakin har yanzu yana yoyo."

Ya ce, "Ya Allah sanyaya makwanci, Ka yi rahama." Ya ja numfashi, yana jirana.