Tantin da Na Kafa wa Inna

Shekara huɗu Inna ta yi a gidana na unguwar Takur, a ɗaki mai fanka da tayil. Mu 'ya'yan makiyaya ne, boko ya kawo mu Dutse, ni da yayana da muke kira Hamma. Bayan rasuwar mahaifinmu muka ɗauko ta daga ruga saboda ciwon gwiwa. Ta ci, ta sha, har ta ɗan yi ƙiba, amma kullum da la'asar tana bakin ƙofa tana leƙen awakin maƙwabta kamar an ba ta kiwonsu.

Da damina ta kusa faɗuwa ta ce za ta je wajen ƙaninta, Kawu, wanda ya sauka da shanunsa a wani daji gefen Ringim. Hamma ya ce sam. Shi ɗan fari ne, Inna ba ta kiran sunansa, ba ta ma yi masa magana kai tsaye, don haka ni ne ɗan aike ko da suna zaune a tabarma ɗaya.

"Gaya wa wancan ba mutuwa zan je yi ba," in ji ta.

Na juya na gaya masa, alhali ya fi ni kusa da ita. A ƙarshe aka yi sharaɗi. Za ta kwana uku, ran na huɗu Hamma ya zo da mota. In ya tarar gwiwa ta tashi ko zazzaɓi ya kama ta, ta dawo Takur ke nan, an rufe maganar. In ya same ta garau, ta yi daminarta a can.

Ni ina bayan Inna, kuma na ɗauka kayan kwana ne za su fid da ita. Halina kuwa in na sa abu a gaba sai na gunduri kowa. Sau uku ina komawa shago ɗaya. Akwai wani ƙaramin tanti mai kama da kifaffiyar ƙwarya, sai da rarrafe ake shiga, na tuna gwiwa na ajiye shi. Akwai babba irin na 'yan biki, mai shagon da kansa ya ce iskar hadari za ta yi gaba da shi. Na zaɓi matsakaici, kore, mai ƙofar zif da taga mai raga, da wata rigar leda da ake rufa masa a sama saboda ruwa. Katifar soso tana shan danshi, sai na ɗauki ta iska wadda ake hurawa da famfo. Na haɗa da bargo da gidan sauro. Matata ta dubi tulin kayan ta ce, "Ka dai tambaye ta?" Na ce mamaki nake so in ba ta.

Da hantsi muka isa. Inna na can cikin mata ana gaishe-gaishe, ni kuwa na sami wani fili mai laushi a gindin tsamiya na baje kaya. Awa guda ina fama da sanduna da turaku, gumi har cikin ido. Maza na zaune suna kallo, babu wanda ya taso. Mata suka daina daka. Ni duk a zatona burge su nake yi, har ina ƙara gyara tsayuwa.

Da na gama Kawu ya yafito ni gefe. "Ɗana, wa ya ce maka yayata ta ƙare?"

Ban gane ba, sai da ya warware mini. A ruga ɗaki na mace ne. Ita ke sarar itacenta, ita ke kafawa, namiji ba ya sa hannu. Wadda ƙarfinta ya tafi gaba ɗaya ce kawai ake gina wa, ita ma mata 'yan'uwanta ke yi. Ɗa ya zo ya kafa wa uwarsa ɗaki a idon jama'a, ya yi shela ke nan cewa ta zama kaya. Ina ɗan shekara bakwai na bar ruga, amma na san wannan, mantawa na yi. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa hannuwana.

Inna ta zo ta zagaya tantin a hankali. Ba ta yi faɗa ba. "Ga shi ka juya ƙofa gabas, alhali ta nan ruwa ke zuwa. Nan kuma kwari ne. Ba ka ga tururuwa a gindin tsamiyar ba?" Sai ta ce wa wata matashiya, "Miƙo mini adda."

Ta shiga daji da mata biyu, suka dawo da tsumagun geza da ɓawon kargo. Ta zaɓi wani ɗan tudu, ta kakkafa tsumagun, tana lanƙwasowa tana ɗaurewa. In gwiwa ta dame ta sai ta zauna a kan turmi ta huta, amma ko ƙulli ɗaya ba ta bar wa kowa ba. Kafin la'asar sakaliya bukka ta tsaya, ƙofarta na kallon yamma wajen garke. A ciki ta haɗa gadon kara a kan gwafanni, tsawonsa daidai gwiwarta, ta zauna ta tashi ba da dafa ƙasa ba.

Sannan ta dawo kan kayana tana zaɓe kamar mai sayen tumatir. Ta ɗauki gidan sauro da bargo. Ta sa aka yaye rigar ledar tantin ta rufa wa bukkarta. Katifar iska kuwa tana zama a kai ta mirgina da ita, mata suka yi ta dariya, ita ma har da hawaye. "Riƙe abinka," ta ce, "wannan kwanan kan ruwa ne."

Ni na gaji tantin, ba rigar sama. Da asubahin kwana na biyu ruwa ya sauko, daga gabas. Na fito jagab da takalma a hannu, na tarar da ita tana hura wuta a bakin bukka, ko gefen zanenta bai jiƙe ba.

Ran na huɗu Hamma ya zo. Ya same ta tana kaɗa nono, tana ba Kawu umarni a kan wata saniya mai ɗingishi. Ya tsuguna nesa kaɗan ya gaishe ta, ya dubi ƙafar, ya dubi idonta. Ya je ya buɗe bayan mota ya ɗauko wata jaka ya miƙa wa Kawu. Maganinta ne na gwiwa, na wata uku. Ashe tun daga gida ya san yadda za ta kaya.

Na shiga mota ina murna, na yi nasara. Sai da muka wuce Ringim na waiga, na ga babu komai a kujerar baya sai jiƙaƙƙen tanti, nan zuciyata ta karye. Da hannuna na taya uwata barin gidana. Hamma na tuƙi, idonsa a kan hanya, can ya ce, "Kai za ka gaya wa yaranmu kakarsu ba ta dawo ba, ni ba zan iya ba."