Lambun da ke Bangon Tela

Mai Tsaki ake ce masa a layin teloli, don ko gaisuwa zai amsa sai ya haɗa da tsaki. Tun yana saurayi yake taka keken ɗinki a shago ɗaya, kuma ba abin da ya sha tsakinsa kamar wani zanen fenti da matarsa ta sayo a gwanjo ta rataya masa a bango. Lambu ne wai: furanni, bishiya, da benci a inuwa. Daga bakin ƙofa lambu ne sak. In ka matso, sai dabbare-dabbaren fenti kamar yaro ya yi ɓarna.

"Wanda ya zana wannan ciwon ido gare shi," yakan ce.

"Kai dai ja da baya ka kalla, maigida," in ji ta.

Da ta rasu bai sauke shi ba, tsakin kawai ya rage.

Sai zare ya fara ƙin shiga allura, ya ɗora wa allurar zamani laifi. Fuskokin masu kawo ɗinki suka koma dishi-dishi, ya koma gane su da murya. Bai gaya wa kowa ba. Ya san halin babbar 'yarsa: ranar da ta gane, ranar za ta rufe shagon ta kai shi gidanta ya zauna, kuma zaman nan yake tsoro fiye da mutuwa. Zanen kaɗai ne bai canza masa ba, shi da dama can dishi-dishi ne. Kullum da safe sai ya kalle shi ya ji sanyi.

Wata rana 'yar ta zo, ta ɗaga wata riga da ya ɗinka wa aljihu a karkace.

"Baba, anya idon nan naka lafiya?"

"Garau!" Ya nuna bango. "Ga lambun uwarki can, har bencin ina gani."

Ta juya ta dubi bangon.

"Baba, yadin mutane ne mai furanni na rataya a ƙusar. Zanen yana wurin kafinta tun makon jiya, katakonsa ya ɓalle."

Ya nemi tsaki a bakinsa, bai samu ba. Yana ji tana tattara almakashi tana jan majina.

"Tsaya in ja da baya tukuna," ya ce.

Ya lallaɓa har bakin ƙofa ya juyo. Lambun yana nan, har da bencin.