Baƙin akwatin nan nawa ne, ba na Malam Sada ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina tsaye ina neman makullin babur zan tafi makaranta, wayata ta yi ƙara. Abdulhadi ne, babban ɗan Malam Sada, daga Kurfi. Ya ce, "Malam Nura, Baba ya cika bayan sallar asuba."

Tun lokacin ban iya zama wuri ɗaya ba.

Ku da kuke bin shafin nan kun san Malam Sada ko ba ku taɓa ganinsa ba, domin duk hoton tsuntsun da na taɓa sawa a nan, shi ya nuna mini inda zan tsaya. Tsohon malamin gona ne, ya yi ritaya ya koma kallon tsuntsaye da ƙidaya su. Amma a Kurfi, shekara biyun nan, akwai masu kiransa da wani suna a bayan idonsa. Infoma. Wai mai leƙa wa ɓarayin daji asirin ƙauyuka.

Ni na jawo masa sunan nan, kuma na yi shiru. Ƙarfe biyu za a yi masa sallah, ba zan bari a sa shi ƙasa da wannan tabo ba. Don Allah ku daure ku karanta har ƙarshe.

A bakin dam ɗin Zobe na fara haɗuwa da shi, ina sabon zuwa Dutsin-Ma daga Zariya, ban san kowa ba. Na ga dattijo ya sunkuya kan wani abu mai ƙafa uku. Na yi sallama, ya matsa gefe ya ce in leƙa. Na leƙa, sai ga wasu agwagin ruwa masu farar fuska kamar in miƙa hannu in taɓa. Ya tambaye ni sunansu, na ce ban sani ba.

Ya ce, "Kai da digirinka ba ka san kirinjijiya ba? Zauna, aiki ya same ni."

Daga ranar ya riƙe ni kamar ɗansa. Da iyalina ta haihu, tun daga Kurfi ya taho a kan babur da zabi biyu ɗaure a baya. Ranar da tayata ta fashe a hanyar Tamawa, ƙin hawa nasa ya yi, muka tura tare har wurin mai faci.

Madubin hangen nesansa tsoho ne, wani mai bincike ya bar masa tun yana aiki. Mai lanƙwasasshen wuya ne, sai ka sunkuya kamar mai leƙa rijiya. Ga nauyi, fenti duk ya ɗaye, in ka jawo abu kusa sosai gefe-gefen sai ya yi dishi-dishi. Jakarsa kuwa Hajiyarsa ce ta ɗinka da ragowar atamfa ruwan ɗorawa mai manyan furanni, ta sa soson katifa a ciki. Ba zik, igiya ce a baki, ƙafafun madubin a waje kowa yana gani.

Nakan tsokane shi in ce, "Baba, kamar za ka kai kayan barka."

Sai ya ce, "Bar su su yi mini dariya, ai da gangan ne."

Ban gane ba a lokacin. Ni burina in mallaki nawa, wanda ya fi nasa. Na yi makonni ina kwatanta madubai a intanet, ina tura masa hotuna ta WhatsApp har ya ce na cika masa waya. Na zaɓi miƙaƙƙe, baƙi, marar nauyi, ruwa ba ya shigarsa, ga shi yana jawo abu kusa fiye da nasa. Aka ce in zaɓi mazubi cikin biyu: jakar yadi mai taushi koriya, ko dogon akwati baƙi mai tauri, wanda madubin da ƙafafunsa duk suke kwanciya ciki, da makullin lamba. Na tuna ramukan hanyarmu, na ɗauki akwatin.

Ranar da na kai masa, bai yi mini rowar yabo ba. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Wannan ya fi nawa nesa ba kusa ba. Har ƙwayar idon dinyar can da ke kan ruwa nake gani."

Sai ya juya ga akwatin da ke ɗaure a bayan babur ɗina.

Ya ce, "Madubi ya yi. Akwatin ne ban so ba. Ja da baya can ka dube shi, ka gaya mini abin da mutumin ƙauye zai gani a wannan zamani. Kawo Hajiya ta ɗinka maka irin tawa."

Dariya na yi, wallahi. Na ce ni ba zan sa sabon madubi a zanin mata ba.

Malam yana da ƙa'ida guda da ba ya karyawa. Duk ƙauyen da muka je, ba a tafiya bakin ruwa sai an fara zuwa ƙofar mai gari. A gaisa, a kafa madubin a nan, dattawa su leƙa ɗaya bayan ɗaya, su ga balbela a kan kuka su yi ta mamaki. Wani lokaci awa guda take tafiya a haka, ni kuwa raina yana ta ƙuna don rana tana ɗagawa.

Farkon damina, shekara biyu ke nan, muka ji labarin an ga gauraka biyu a wata fadama gaba da Kuki. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, mutanensa tsoro ne ya sa su, kuma suna da dalilin tsoro. Gauraka ta yi wuyar gani yanzu, na shekara ina nema. Muka tafi kowa da babur ɗinsa. A mararraba Malam ya karya kwana zuwa gidan mai gari. Na ce masa kafin a gama gaisuwa tsuntsayen sun tashi, ni zan wuce, ya same ni can. Ya ɗaga hannu yana kirana, na yi kamar ban gani ba.

Ban kai fadamar ba aka tare ni. 'Yan sa-kai huɗu, biyu da bindiga harba-ka-ruga.

"Sauka. Mi ke cikin akwatin nan?"

Na ce madubin kallon tsuntsaye ne. Suka dubi juna. Babbansu ya ce in buɗe.

Lamba uku ce kawai. Ni na sa ta da hannuna. Na durƙusa na murza, ta ƙi. Na sake, ta ƙi. Kaina ya zama fanko, ko ranar haihuwata da za a tambaye ni a lokacin ba zan tuna ba. Mutane suka fara fitowa daga gonaki da fartanya a hannu.

Wani ya lalube aljihuna ya ciro littafin da nake rubuta ƙidaya. Ya buɗe yana karantawa da ƙarfi: "Gabas da gari, arba'in. Bayan makaranta, sha biyu." Ga zanen hanya, ga alamar tafki. Balbela na ƙirga a wani ƙauye daban, amma wa zai saurare ni? Wani ya ce shanu ne nake ƙirgawa. Aka ce a ji harshena ma, ba ɗan nan ba ne. Aka zaunar da ni a ƙasa. Daga bayan taron na ji ana tambaya ko akwai mai tsohuwar taya.

Na yi kalmar shahada a zuciyata. Fuskar 'yata kawai nake gani.

Sai ga Malam Sada ya ratso mutane, jakar atamfar nan rataye a kafaɗarsa. Bai ɗaga murya ba. Ya yi sallama, ya kira babban 'yan sa-kai da sunan mahaifinsa, ya tuna masa shekarar da ya kawo musu irin gero. Sannan ya dafa akwatin ya ce:

"Kayana ne. Littafin ma nawa ne, ni ka faɗi yana rubutawa. Wannan ɗauko mani kawai ya yi. In akwai magana, da ni za a yi."

Ban taɓa jin ƙarya a bakinsa ba sai ranar, kuma domin ni ya yi ta.

Ya ce a fasa makullin. Aka sa adda aka ɓalle. Ya haɗa madubin a nutse, ya saita shi wajen fadama, ya ce babban nasu ya leƙa. Ga gaurakin nan biyu kuwa suna kiwo. Na ɗauka magana ta ƙare. Sai mutumin ya juya madubin da kansa ya fuskanci gari. Ya daɗe. Da ya ɗago, fuskarsa ta canza.

Ya ce, "Da wannan ai har cikin garken mai gari ana gani. Ina iya ƙirga shanun."

Kyan da na yi makonni ina nema a madubin nan, shi ya ƙara ɓata lamarin.

Suka ce Malam zai zauna sai an bincika. Ni kuwa aka ce in tashi in ba su wuri, tunda ɗan dako ne. Malam ya dube ni ya yi mini alama da ido in tafi.

Na tafi. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai. Na hau babur na bar dattijo zaune a ƙasa gefen akwatina, ban waiwaya ba sai da na ga kwalta.

Sai bayan la'asar aka sake shi, da mai gari ya tsaya masa. Amma wani ya riga ya ɗauki hotonsa da akwatin a buɗe. Bayan kamar wata guda aka kore shanu a wani ƙauye na kusa, hoton ya tashi a WhatsApp, ya zagaya har Kurfi. Ba wanda ya tuhume shi a gaban hukuma. Mutane dai suka rage zama a ƙofar gidansa.

Shi yake jan sallah a masallacin unguwarsu in liman ba ya nan, fiye da shekara goma. Abdulhadi ya gaya mini wata magariba ya shiga gaba, sai wasu suka zare jiki daga sahu suka fita. Bai sake shiga gaba ba. Bai kuma sake fita kallon tsuntsu ba.

Ni ina Dutsin-Ma ina ganin hoton yana yawo, har a wani guruf na WhatsApp da nake ciki. Na rubuta amsa na goge ya fi a ƙirga.

Ganinmu na ƙarshe mako uku ke nan. Na same shi kwance kan tabarma a gindin bishiyar bedin ƙofar gidansa, ƙafafu sun kumbura, ba kowa sai rediyo. Na ce, "Baba, na gaji. Zan fito in faɗi gaskiya."

Ya kama hannuna ya ce, "Ni an san kabarin ubana a garin nan, shi ya sa aka tsaya ga zagi. Kai baƙo ne, ba ga zagi za a tsaya ba. Kana da ƙananan yara. Bar shi."

Sai ya canza magana ya tambaye ni ko shamuwa ta iso wajenmu.

Zan faɗa muku abin da na ji a lokacin, ko da kunya. Sanyi na ji a raina. Na je ne ina fatan ya hana ni, ya kuwa hana ni. Na koma gida na ci abinci.

Yau babu mai hana ni. Iyalina ta karanta wannan kafin in saka, ta yi kuka, ta ce in tuna hanyar da nake bi kullum. Na tuna. Tsoron yana nan. Amma ga magana, da sunana da hotona a saman shafin nan: akwatin nawa ne, madubin nawa ne, littafin rubutuna ne, kuma tsuntsaye na ƙirga. Ni na ƙi zuwa gaida mai gari. Malam Sada bai taɓa leƙa wa ɓarawo komai ba. Raina ya fansa da mutuncinsa.

Ɗazu na sake kiran Abdulhadi in ce ina hanya. Na tambaye shi ko jama'a sun taru. Ya ce, "Tabarma shida muka shimfiɗa, Malam Nura. Biyu ne da mutane."

Saura awa uku. Ina roƙonku, duk wanda yake da ɗan'uwa a Kurfi ya tura masa wannan yanzu, ba anjima ba. Wanda ya taɓa tura hoton nan, ya tura wannan inda ya tura wancan. Wanda ya fita daga sahu a magaribar nan, ban zarge ka ba, ni na fi ka laifi, amma ka dawo yau ka tsaya. Ni zan tsaya gaban liman kafin a kabbara, in maimaita duk abin da na rubuta da bakina.

Ya Allah, bawanka Sada ya rufa mini asiri a ranar da ba ni da kowa, ka rufa masa nasa a ranar da ba shi da kowa sai kai. Ka yafe masa ƙaryar da ya yi domina, ka yafe mini shirun da na yi. Ka haskaka kabarinsa, ka ba Hajiya da su Abdulhadi haƙuri, ka kawo mana ƙarshen wannan tsoro da ya sa muke zargin mutanen kirki.

Wanda yake nesa ya sa shi a addu'a, ko Ƙulhuwallahu uku ce. Wanda yake kusa, don girman Allah, ya zo a cika masa sahu.