Teburin gefen gadon Mama

Autanmu tela ne, shekara ashirin yana kan keke, amma tun yana ƙarami hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. Shekara biyu ke nan ya tsiri aikin katako ran hutu. Ya sayi zarto da guduma, ya cika bayan shago da guntayen katako. Matarsa ta ce sai dai abin rataye kaya kawai ya taɓa gamawa, shi ma ya karkace.

To sai aka yi wa Mama aiki a gwiwa. Likita ya ce kar ta ƙara sunkuyawa, ita kuwa kofinta da maganinta kullum a ƙasa suke. Kuma Mama ta gwammace ta wuni da ƙishirwa da ta ce a miƙo mata ruwa. Auta ya ce shi zai yi mata ɗan tebur, wanda zai shiga tsakanin gado da bango.

Ya gwada wurin da tef ɗin wuyansa, inci goma sha shida. Ya zana da allin ɗinki. Kwana uku yana kai da kawo, ya taka keke kaɗan ya tashi, ya goga katako ya dawo. Masu kaya suna zuwa suna tarar da garin katako a girarsa.

Ran da za a sallamo Mama ya shigo da tebur a ka yana washe baki. Ya tura, ya ƙi shiga. Ya juya shi, ya ƙi.

Babbar yayarmu tana gyara shimfiɗa, ta ce, "Auta, nawa ka yanka?"

"Sha takwas mana, Yaya."

"Wurin fa?"

"Sha shida. Ai na bar rarar ɗinki, inci ɗaya kowane gefe..." Sai ya dafe kai.

Yaya ta zauna a ƙasa don dariya. "To kalmashe shi mana, maigida! Ɗauko dutsen guga!"

"Yaya, don Allah bari. A matsar da gadon."

"In an matsar ƙofa ba ta buɗuwa."

Waya ta yi ƙara, wai an fito da Mama daga asibiti. Auta ya ruga shago ba takalmi, ya dawo da zarto. Ya kifa tebur a tsakar gida, Yaya ta danne da gwiwa tana tsokanarsa, shi kuwa gumi har cikin ido. Gefe ɗaya ya zaftare inci biyun duka, ba lokacin gogewa. Ya juya gefen mai kaushi wajen bango. Tebur ya shige cif!

Aka shigo da Mama a hankali, aka kwantar. Auta ya laɓe bakin ƙofa yana murza yatsu. Ta dubi tebur, ta dube shi. Can ta miƙa hannu, ta ɗauki kofi da kanta, ta sha, ta mayar.

"Ku fita haka nan," in ji ta. "Ba na bukatar kowa."