Ranar da Na Ɗaure Duna a Bakin Teku

Ko zan manta komai na zamana a Guangzhou, ba zan manta ranar da na kai karena bakin teku ba.

Ƙarshen shekarun casa'in ne, lokacin mu 'yan Kano a unguwar Xiaobei ba mu da yawa. Ina da ɗan sito inda nake tara dilolin wanduna daga garin Xintang. A ƙofarsa na tsinci wani baƙin kwikwiyo, na raine shi ya zama mai gadina, nake ce masa Duna. Abokai su yi ta min tsiya, wai Bakano da kare. Ni dai na san in na dawo a gajiye, shi kaɗai ke murnar ganina.

Wata Lahadi ni da wani abokina ɗan Kumasi muka ɗauki shatar mota. Direban, wani dattijo ɗan ƙasar, ya kai mu wata gaɓa mai farin rairayi inda ba a hana karnuka. Ranar Duna kamar zai zautu. Ya tona nan, ya bi kaguwa can, ya dawo yana atishawa.

Da la'asar ta yi, abokina ya ce, "Alhaji, don Allah ɗaure abin nan nesa, kada ya zo yana goga mana jiki muna sallah." Na ga wani turken ƙarfe kafe a rairayi, ruwa can nesa da shi. Na ɗaure Duna tamau. Muka haura tudu bayan bishiyoyi, muka yi sallah, muka buɗe kular shinkafa, hira ta yi daɗi.

To ni ruwan da na sani Tiga da Challawa ne, sai damina suke cika. Shi ma abokin nawa babu teku a garinsu. Wa ya taɓa gaya mana teku na janyewa ya dawo a wuni ɗaya?

Sai ga direba a guje yana kiran "Lawban", wato maigida, yana nuna ruwa. Turken ya nutse, hancin Duna kawai ke leƙowa. Ban iya iyo ba, amma na faɗa, ruwa har ƙirjina. Igiyar ta jiƙe, ƙullin da na yi da ƙarfina ya ƙi kwancewa, sai da direba ya miƙo wuƙa. Na yanke igiyar, na saɓo Duna a kafaɗa yana lasar wuyana, bai riƙe ni da komai ba.

Ya riga ya sha ruwa da yawa. Tari ya yi ta yi a mota, kafin mu shiga gari ya mutu a kan cinyata.

Wallahi har yau abin yana cina. Tun daga ranar, in mai rai yana hannuna, ba na ɗaure shi in juya baya a wurin da ban sani ba. Sai na tambayi 'yan gari tukuna.