Mahaucin da Ya Ajiye Wuƙa

A unguwarmu ta mahauta a Garwa, ba wanda bai san Kawu Mahfuzu ba, yayan mahaifiyata. Ɗan mahauci ne, jikan mahauci, amma shekara sittin da ɗoriya bai ɗora wuƙa a wuyan ko da kaza ba. Aikinsa a mayanka wankin tumbi da hanji. Ranar Layya sai ya kira maƙwabci ya yanka masa ragonsa, shi kuwa ya juya baya. Mun yi masa dariya har mun gaji. Ni ma na yi, kuma yau abin yana ci mini rai.

Bara, da ciwo ya kwantar da shi, ya ba ni labarin. A 1959, yana ɗan shekara ashirin, aka ɗebe su cikin sojan Nasara zuwa tsaunukan kudu, inda masu neman 'yancin kai suka shiga daji. Wani kaftin ya tambayi sana'ar kowa. Kawu ya bugi ƙirji ya ce mahauci, yana zaton wurin girki za a tura shi. Sai aka riƙa kawo masa gawar waɗanda aka harbe, ya cire kawunan, a jera a kasuwa don jama'a su tsorata.

"Goma sha ɗaya," in ji shi. "Kin san abin da ya fi damuna, Nasiha? Sabo. A kan na farkon, sai na ji bakina ya yi bisimilla."

Ranar da aka ɗaga sabuwar tuta, farkon 1960, gari na ta kiɗa, shi yana bakin rafi yana wanke wuƙa. Yaƙin ma bai tsaya ba.

Abu ɗaya ya rage masa: kada ya mutu bai nemi yafiya ba, kamar yadda kowane dattijo yake yi in ya ga tafiya ta zo. To amma wa zai roƙa? Sai ya tuna da Aurélie, mai gasa kifi kusa da gadar Binuwai, wadda ta taɓa ce masa iyayenta 'yan garin da aka jera kawunan ne. Na je na zo da ita.

Ta zauna a bakin tabarma. Ya faɗa mata komai, bai rage ba, har da itacen da aka jera kawunan a ƙarƙashinsa. Sannan ya ce, "'Yata, ki yafe mini."

Ta dube ni, ta dube shi.

"Baba, pardon, wane yaƙi ke nan? A makarantar lekol ba a koya mana ba. A gida ma ba wanda ya taɓa faɗa."

"Ko sunan mutum ɗaya ba ki ji ba?"

"Ko ɗaya. Kakana dai an ce ya tafi gona bai dawo ba. Ta yaya zan yafe abin da ban sani ba?"

Ba da fushi ta faɗa ba, har ta ɗaga masa kai ta ba shi ruwa. Da zagi ta yi, ina ganin da ya fi samun sauƙi.

Bayan sati uku ya rasu. A wurin jana'iza liman ya roƙi duk wanda mamacin ya yi wa laifi ya yafe masa. Mahautan unguwa suka amsa gaba ɗaya, "Bai yi wa kowa komai ba."