Akuyar Ubangiji

Ban taɓa tsanar wata dabba kamar yadda na tsani akuyar nan ba. Ja ce, ƙahonta ɗaya a karye, tana kallon mutum irin kallon wadda ta san ba a iya yi mata komai.

A zamanin Faransa ne, muna zaune a wani ƙauye kusa da Dungas. Mijina, wanda kowa ke kira Malam, shi ne mai bishara na 'yar majami'armu, ɗaki ɗaya na laka, gida tara ne ke zuwa sujada. Duk ƙarshen wata baturen mishan yakan ba shi 'yan daloli, da su muke ci muke sha. Wata Lahadi bayan kaka sai baturen ya miƙe ya ce kuɗin da ke zuwa daga ƙasarsu zai tsaya kaka mai zuwa. In ikilisiya ta iya ciyar da Malam, ta biya masa lanho, wato harajin kai, to Malam nata ne. In ba ta iya ba, za a kai shi ƙetaren iyaka, ƙasar Ingilishi, inda masu bi suke da yawa.

Kowa ya ce amin, ni kuwa hankalina ya koma kan uwata. Innata tana ƙauyen, ita kaɗai, idonta ya fara mutuwa, ƙannena maza duk sun tafi ci-rani. Musulma ce, ba ta taɓa taka ƙofar majami'a ba. Ni ce 'yar farinta, saboda haka tun da aka haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, balle ta nuna tana so na a gaban mutane. "Ke" ce ni, in ta ji daɗi kuma "yarinyar nan". Da na je na gaya mata za a iya ɗauke mu, sai ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta, ta ce, "To, can ma ai ana cin tuwo." Na koma gida ina kuka don haushi.

Dattawan ikilisiya suka zauna suka yanke shawara biyu. Maza za su yi gayya kowace Laraba a wata gona da aka keɓe wa Malam. Mata kuma, duk wadda za ta yi daka ta ɗebi hatsi tafi ɗaya ta zuba a tukunya dabam. Baikon Lahadi kuwa, wato sadakar da ake tarawa a majami'a, sai wanda ya gani. Faifai ke zagayawa, ya dawo da ƙwai biyu, busasshiyar kuɓewa, gyaɗa, wata rana har da maɓallin riga. Ni na san mai maɓallin, amma ya riga mu gidan gaskiya, na rufa masa asiri.

Ana cikin haka wata tsohuwa da mijinta ya rasu ta shigo tsakiyar waƙa tana jan akuya. Ta tsaya gaban Malam ta ce, "Ga baikona, ita kaɗai gare ni." Muka yi ta murna, ba mu san mun karɓo wa kanmu masifa ba.

Malam ya ce a kai ta kasuwar Magariya a sayar. Babban dattijonmu ya girgiza kai, ya ce abin da aka miƙa wa Ubangiji da rai ba a tsai da shi gaban dillali ana taya shi. A yanka? Ya ce subhanallahi. Muka ce to a ɗaure ta mana. Sai ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Wane ne a cikinku zai sa wa dukiyar Allah igiya a wuya?" Ba wanda ya ɗaga hannu.

Daga ranar akuya ta zama sarauniyar gari. Ta ci tsakina, ta ci shanyar matar dattijo, ta cinye rabin littafin waƙoƙin Malam, har shekara ta zagayo muna rera waƙa ɗaya da ka saboda baitocinta suna cikin akuya. Ƙattin maza masu gemu sai ka ji suna lallashinta, "Yi haƙuri, bi ta nan." Ni dai wata rana ta tsoma baki cikin ƙullun kununa, na zabga mata muciya. Kafin la'asar labari ya kai ga dattawa. Lahadin da ta biyo Malam ya yi wa'azi a kan haƙuri tun daga farko har ƙarshe, idonsa bai bar gefen da nake ba. Akuyar ma ta riƙe ni a zuciya, ko inuwata ta gani sai ta sunkuyar da kai ta taho.

Damina ta faɗi, kowa ya ɗaure dabbarsa kamar yadda aka saba, ban da tamu. Ta fara da waken gonar Malam, gonar da aka yi don kada a ɗauke mu. Sannan ta faɗa gonar wani Bafulatani maƙwabcinmu, mai noma da kiwo. Shi bai san wata dukiyar Allah ba, ya kamo ta a kunne har ƙofar mai gari.

Mai gari ya tambayi mai ita. Dattijonmu ya gyara murya ya ce ta Ubangiji ce. Mai gari ya ce, "To, mu ma namu duk na Allah ne, amma muna ɗaure su."

Bafulatanin ya yi dariya har ya dafa sanda. Ya ce ya yafe ɓarna, amma mu duba cikinta da kyau. Mu duk mun ɗauka ƙibar sata ce, ashe ciki gare ta. Ya ce tunda ba ma iya sayar da ita, mu ba wani kiwo, nono na mai kiwo, 'ya'ya kuma a raba. Dattijo ya yi tunani, ya ce 'ya'yan kam ba su aka miƙa ba, ana iya sayar da su. Saura wanda zai ɗaure uwar. Masu bi suka yi ta kallon ƙasa.

Sai muka ji murya daga bayan zana, inda mata ke laɓe suna saurare. "A kawo mini ita. Ni ba na tsoronta." Inna ce.

Kafin rana ta faɗi akuya na turke. Kwana uku tana ihu. In na kai wa Inna tuwo sai in tarar tana lalube tana zuba mata dusa, tana yi mata faɗa. "Mara kunya, 'yar yawo. Kin bar gidan uwarki kin bi masu waƙa. Ci ki ƙoshi, dubi yadda kika rame." Nakan ajiye ƙwarya in fita da sauri, don na san ba da akuya kaɗai take ba.

Ta haifi biyu, ɗaya na ikilisiya, ɗaya na Inna. Kaka ta zo, aka haɗa dammunan gayya da tukwanen mata, rumbun Malam ya cika da ƙyar. Amma kuɗin lanho bai haɗu ba. Dillalin da ya zo daga Magariya ya duba ɗan akuyar ikilisiya, abin da ya taya rabi kawai zai biya. Bature zai zo Lahadi ya ji amsa. Ranar Asabar Malam ya fara ɗaure littattafansa da igiya, ni kuma na kasa ko hura wuta.

Lahadi da safe, muna tsaye a waje ba a shiga ba tukuna, sai ga Inna tana dogara sanda, tana jan nata ɗan akuyar. Ba ta taɓa zuwa kusa haka ba. Malam ya cire takalmi ya durƙusa, ita kuma ta kau da kai kamar yadda suruka ke yi. Ta miƙa wa dattijo igiyar ta ce, "Ku haɗa da wannan."

Dattijo ya ce, "Inna, ai wannan rabonki ne. Allah ya saka miki da abin da kika yi wa ɗakinsa."

Ta ce, "Ni ba ɗakinku na ba wa ba. Akuyar can ce ta saba da hannun yarinyar nan. In an tafi da yarinyar, wa zai tatsar mini?"

Duk wanda ke wurin ya san ban taɓa tatsar akuyar nan ba, ko kusa da ita ba na iya zuwa. Ba wanda ya yi dariya. Na rufe fuska da mayafi.

Ba mu tafi ba. Jikokin akuyar suka bazu gida gida a kan wannan ƙa'ida ta raba 'ya'ya, kuma Malam bai ƙara karɓar dala daga hannun bature ba. Ni kuwa, don kada Inna ta zama maƙaryaciya, washegari na ɗauki ƙwarya na nufi turke. Kowace safiya akuya tana harbina ina zaginta, Inna na zaune a bakin ɗaki tana jin mu, har shekarar da ta rasu.